Akwalar Da Nu'uman Yake Ɓoyewa

Ku da kuke cika min waya da saƙonni kuna cewa ruwan ido ne zai kashe ni, ku gyara zama. Yau zan ba ku labarin abin da na gani da idona a bayan kasuwar kifi, in ya so sai ku faɗa min ko ni ce mai laifin.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mardiyya. A Haɗeja aka haife ni, a nan nake koyarwa a wata makarantar kuɗi. Shekaruna ashirin da bakwai, amma in Goggo 'Yar'azumi ce take ba da labarin sai ka rantse jikoki ya kamata a ce ina goyo. Goggo ƙanwar Babanmu ce, ita ta raine ni. Ni ce 'yar fari, don haka Umma ko sunana ba ta kamawa, balle ta tsoma baki a zancen aurena. Komai nawa a hannun Goggo yake, ita kuwa ta riga ta ba da ni a zuciyarta tun ranar da ta fara jin dirin motar Nu'uman.

Nu'uman dillalin shinkafa ne a Kafin Hausa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, yana da tsayi, yana da gyararren gemu, ya iya kafa hula. Amma abin da ya fi komai girma a tare da shi ita ce motarsa, wata baƙar jif mai baƙin gilashi. Duk Laraba da Asabar bayan la'asar za ta shigo layinmu a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai. In ya tsaya ba ya kashe ta nan da nan. Sai ya bar ta tana gurnani har matan maƙwabta sun gama leƙowa ta katanga, sannan ya zuro ƙafa ɗaya waje. Goggo kuwa "Alhaji" take ce masa, mutumin da ko rakiyar maniyyata bai taɓa yi ba.

Tun farko akwai abin da ya tsaya min a rai. Damina ce, duk motar da ta fito daga ƙauye da taɓonta take shigowa, amma tayar jif ɗin nan kullum fes. Kuma ba ta taɓa kai kowa ko'ina ba. Ranar da ƙafar Goggo ta kumbura na ce ya taimaka ya sauke mu a asibiti, cewa ya yi injin ya ɗau zafi, ya tsayar mana da adaidaita. Goggo ta yi mako tana sa masa albarka don ya biya kuɗin keken.

Wata Laraba Umma ta aike ni sayen banda. Na sayo na shiga adaidaita, mai keken ya ce babban titi ya cushe, bari ya bi ta baya. A bayan kasuwar akwai wurin wankin mota na wani dattijo Babarbare, Modu sunansa. Can ƙarƙashin rumfar kwano na hango jif, an lulluɓe rabinta da tamfol. Ina cikin cewa ko mai kama da ita ce, sai ga wata 'yar mota ta shigo tana tari. A zamaninta ja ce, yanzu ta koma kalar zoɓon da aka cika wa ruwa. Fitila ɗaya da salatif aka ɗaure ta. Direban ya zuro hannu ta taga ya buɗe ƙofar daga waje, ya fito daga shi sai singileti da wando da silifas.

Nu'uman ne.

Na ce wa mai keke, "Malam, ɗan tsaya nan, zan ƙara maka wani abu."

Ina kallo ya ciro shaddarsa daga kujerar baya, tana rataye a hanga cikin leda. Ya zagaya bayan jif ya saka, ya canza takalmi, ya kafa zanna bukar yana duba kansa a gilashi, ya yi wanka da turare. Daga nan ya ɗauko wata robar lemo da fetur a ciki, ya buɗe tankin jif ɗin ya tsiyaya mata kamar mai ba jariri magani. Daga wurin Modu zuwa ƙofar gidanmu 'yan layuka ne. Iyakar tafiyar da motar nan take yi a duniya ke nan.

Kada ku yi min mummunar fahimta, ni ban raina ƙaramar mota ba. Tun da aka cire tallafin man fetur, shugaban makarantarmu keke yake hawa, Baba ma ya jingine babur sai ranar kasuwa, kuma ba wanda hularsa ta faɗi. Da Nu'uman ya zo min a akwalar nan ya ce, Mardiyya, mai ya yi tsada, na sayi ta hannu don in rage asara, wallahi da ni zan ɗinka mata rigar kujera. Abin da ya zubar min da shi shi ne in ga ƙato da gemunsa yana canza kaya a bayan mota don matan layinmu su ce an zo. Da na fito zance a ranar, na zauna ina kallon bakinsa yana cewa "mu da muke harka da manya", sai na ja kujerata na matsa nesa da turaren nasa.

Yana tafiya na sami Goggo a tsakar gida tana gyaran zogale.

"Goggo, Alhajinki fa a akwala yake zuwa. A bayan kasuwa yake canza mota."

"Akwalar gidanku. Ke dai in kika ga alheri sai kin nemo masa ƙaho."

"Da idona na gani."

"Idon naki da ya kori Ja'afaru don yana tauna da ƙarfi? Tashi ki ba ni wuri."

Na wuce zaure wurin Baba. Baba manomin shinkafa ne a fadama, ba ya son dogon zance. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ni ba na yi wa 'yata dole, kin sani. Amma ba na korar ɗan mutane a kan ƙaramar mota. Asabar ta sama iyayensa za su zo sa rana. In akwai aibi a halinsa a nuna min, wanda wani ya gani, ba ke kaɗai ba. In babu, zan karɓi goronsu."

To kun ji inda aka tsaya. Ko in samo shaida kafin Asabar, ko in zama matar mai robar lemo.

A gidanmu ba a sa wa 'ya rana sai manemin ya je ya gaida Kaka Hajo, mahaifiyar su Baba, wadda ta ƙi barin ƙauyensu na bayan Kaugama. Na tuna wa Goggo wannan, na ƙara da cewa ai ya kamata mutanen garinsu su ga irin motar da za a ɗauki 'yarta. Ban rufe baki ba ta fara neman ɗankwalin da za ta ɗaura.

Na tura masa saƙo: "Ranka ya daɗe, Goggo ta ce Lahadi za ka kai mu gaida Kaka."

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, ina kallon alamar tana zuwa tana ɓacewa. Can ya turo: "Ba damuwa Gimbiya. Garin da nisa?"

"Bayan Kaugama kaɗan."

"Kaɗan kamar yaya?"

"Kana barin kwalta kana hango rumbunansu."

Ban yi ƙarya ba, da rani haka ne. Abin da ban faɗa masa ba, da damina ruwa yana shanye gajeriyar hanyar, sai an yi dogon zagaye ta kan tudu. Na kuma san mutumina. Wanda yake auna fetur da robar lemo ba zai zuba ɗigon da ya wuce lissafinsa ba.

Ranar Lahadi na sa atamfa koriya mai zanen ganye da mayafi ruwan madara, ko jan baki ban shafa ba. Goggo kuwa leshinta na fita kunya ta ciro daga ƙasan akwati, yana ƙanshin kafur, ta yi ɗaurin ture ka ga tsiya, ta jera awarwaro har gwiwar hannu. Ta hakimce a baya da tsarabar Kaka a gefe, banda da sabulu da sukari. Ni na zauna gaba, inda zan riƙa ganin allurar mai.

Muna fita gari na ce, "A kunna mana esi mana, Goggo tana da hawan jini."

"Ai iskar Allah ta fi lafiya, Gimbiya."

"Kunna mana, Alhaji, mu ma mu ɗana," in ji Goggo.

Ya kunna kamar ana cire masa haƙori.

Muna sauka daga kwalta bayan Kaugama sai ga ruwa ya shimfiɗe a gabanmu, hanyar ta nutse, kan ciyayi kawai ake gani. Wani masunci yana kwance a kan gorarsa yana duba koma a daidai inda motoci suke bi da rani. Ya ɗago ya nuna mana gabas da hannu, ya ce sai dai mu zagaya ta tudu, in mun yi sauri mu riski azahar a can. Na saci kallon Nu'uman. Idonsa yana kan allurar mai.

Daga nan tuƙi ya canza. Esi ya mutu ba tare da an yi shawara da kowa ba. In an zo gangare sai ya saki giya ya bar mota ta tafi da kanta. Goggo tana ba shi tarihin gonakin kakanninta, shi kuwa "na'am" kawai yake cewa, gumi yana bin gefen hularsa. Wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari, ya ɗora handiki a kanta. A tsakiyar gonakin shinkafa, ba gida gaba ba gida baya, jif ta yi shaƙuwa sau biyu ta yi shiru.

"Lafiya, Alhaji?"

"Wata 'yar na'ura ce, Goggo. Motocin nan na manya akwai saurin fushi."

Ya buɗe gaban mota ya taɓa nan ya taɓa can da yatsa ɗaya don kada shadda ta ɓaci, sannan ya yi nisa da waya a kunne. Bai san iska tana kawo mana maganar ba. "Modu, jarka ɗaya. A babur za ka zo. Ka ji ko? A babur. Kada ka taɓa waccan."

Muka koma gindin wata tsamiya. Goggo ta shimfiɗa mayafinta tana fifita da kwalin sabulu, tsuntsaye suna ta sauka a kan shinkafar mutane. Ni dai zuciyata fari ƙal. Ko a babur Modu ya zo, Goggo za ta ga jarka, za ta san mai ne babu. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai ga Allah Ya ba ni fiye da abin da na roƙa. Tun daga nesa na jiyo tarin.

Akwala ta tsaya a bayan jif. Modu ya zuro hannu ta taga ya buɗe ƙofa, ya fito da jarka, ya ce da Hausarsa ta Barebari, "Hadari ya taso, babur ba zai yi ba. Makulli yana wurina, shi ne na kawo maka ƙaramin motarka."

Nu'uman ya yi wata dariya da ba ta wuce haƙora ba. "Modu akwai barkwanci. Motarsa ce, Goggo."

Goggo ba a bar ta da son ganin ƙwaƙwaf ba. Ta miƙe ta zagaya motar, ta leƙa ta taga, sai na ga ta tsaya. Ta zura hannu ta ciro wata kula mai ruwan goro, ta kifa ta. Duk kwanon Goggo akwai ɗigon jan farce uku a gindinsa don kada ya ɓace a gidan biki.

"Wannan ba kulata ba ce da na zuba maka dambun kifi? Wadda ka ce an sace a ƙofar masallaci?"

A kujerar ga hanga, ga silifas, ga singileti a ninke. Na gyara tsayuwa, na gyara mayafi, ina jiran a fara ruwan masifa. Goggo in ta fara, ko mai unguwa sai ya nemi hanya.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, wannan ma taka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Tawa ce, Goggo. Saboda tsadar mai na saye ta."

Goggo ta dube shi, ta dubi jif, ta dubi akwala. Sai ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa a tsakiyar fadama, har tsuntsayen suka tashi.

"Mota biyu gare shi. Kin ji ɗan albarka, Mardiyya? Mota biyu, amma yake ɓoye ɗaya saboda kambun baka. Ga arziki ga tattali ga zurfin ciki. Yo in ba mai hankali ba wa zai yi haka a zamanin nan?"

An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Nawa da na gina har da zagaye ta tudu, ni na faɗa ciki da atamfata. Aka ɗura wa jif mai, Goggo ta ba da umarni Modu ya biyo mu a baya yana danna hon. Haka muka shiga garin Kaka a jere. Kafin mu sha ruwa duk ƙauyen ya san jikar Hajo za ta auri mai motoci, kuma ina jin Goggo a bayan ɗaki tana gaya wa wata cewa waɗannan biyun ne kawai suka samu zuwa.

Da muka dawo ta riga ni shiga zaure. Na bi ta na durƙusa na ce, "Baba, a gabanmu ya ce motar ba tasa ba ce. Ya kuma ce an sace kula."

"Kara ce," in ji Goggo. "Wane siriki ne zai tsaya yana lissafa dukiyarsa a gaban manya?"

Baba ya juyo wurina. Ya ce, "Shaidar da kika kawo ta juya miki baya, Mardiyya."

Na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ba kukan so ba ne, tsoro ne. Na hango kaina a gidan da aka yi wa fenti ta waje, ina auna man girki da murfin kwalba, in baƙi sun zo a ce in sa leshi in yi murmushi. Umma ta shigo ta ajiye min kunu ta juya, amma ta daɗe a bakin ƙofa kafin ta saki labule.

Ranar Juma'a aka aiko da huhun goro da katan na alawa, Goggo ta kai ɗakinta ta kulle. Da yamma saƙonsa ya shigo: "Gimbiya, gobe da hantsi kafin su Baffa su iso ki fito ƙofar gida. Akwai abin mamaki." Ya jera furanni da zukata. Na tura masa babban yatsa.

Asabar da hantsi muka ji hon iri biyu. Na fito da hijabina a kan kayan barci, don ban ga wanda zan yi wa kwalliya ba. Akwala ce a gaba, Modu yana tuƙi, an wanke ta an goge ta da mai har tana ƙyalli, an ɗaura mata jan kyalle a goshi. Jif tana biye. Nu'uman ya fito cikin farar shadda, ya jira layi ya cika, sannan ya ɗaga makulli sama yadda na bayan katanga ma za su gani.

"Goggo, ga 'yar kyauta na kawo wa Mardiyya, ta riƙa zuwa makaranta. Matata ba za ta hau adaidaita ba."

Nan take na gane lissafin. Bakin Goggo ya riga ya kai labarin akwala ko'ina, shi kuwa ya gwammace ya mutu da a nuna shi a cikinta. Ya rabu da abin kunyarsa, ya sayi suna da shi. Da me zai riƙa zuwa daga Kafin Hausa kuma, oho, wataƙila jaki zai saya ya ɓoye a wurin Modu.

Layinmu ya kaure da guɗa. Matan da jiya suke ce min tuzuruwa a bayan ido suka zo suna shafa motar suna cewa ashe rabo ne ya tsayar da ni. Goggo ta damƙa min makullin ta buɗe gaba ta zauna.

"Shiga ki zagaya da ni unguwa. Ta ƙofar gidan Kande za ki fara bi, ta gani da kyau."

Na iya tuƙi tun lokacin bautar ƙasa. Na shiga cike da takaici, na murza makulli. Ta yi tari ta tashi. Muka wuce gidanmu, muka kai gindin mainar maƙwabta, sai ta yi shaƙuwa irin wadda na sani, ta mutu. Na dubi allura. Tana kwance a ƙasa kamar ba ta taɓa tashi ba.

Modu ya ƙaraso yana sosa ƙeya. "Ikon Allah. Jiya Nu'uman da kansa ya cika tankin." Ya waiwaya ya dubi Nu'uman, sai ya kama bakinsa.

Hayaniyar ce ta fito da Baba daga zaure. Nu'uman ya yi sauri ya tare shi ya durƙusa, yana cewa ai baturi ne, yanzu za a gyara. Baba ya miƙa masa hannu, ya riƙe, bai saki ba. Na ga ya ɗan sunkuya kusa da fuskarsa. Ya saki hannun, ya taka zuwa wurin akwala, ya tsaya a gefen tanki. Daga murfin zuwa ƙasa akwai wani sabon zirin jiƙa da ya ratsa gugar da aka yi mata. Baba ya shekara yana zuƙo fetur da tiyo yana zuba wa injin ban ruwa, ba turaren da zai ɓoye masa wannan warin a bakin mutum.

Ya ce a miƙo masa buta. Aka miƙo. Ya dawo har gaban Nu'uman, wanda yake durƙushe har yanzu, ya ajiye masa ita a gaban mutanen layi.

"Ungo, ɗana, kurkure bakinka. Fetur ba ya son a bar shi a baki."

Na dubi gemun nan gyararre, na dubi farar shadda, na hango shi da asuba a tsugune da tiyo a baki yana kwashe man motar da zai ba ni kyauta, don jif ta samu abin shigowa layinmu. Goggo ta zuro hannu ta taga tana laluben yadda ake buɗe ƙofa.

Baba ya juya wurinta. "'Yar'azumi, goron da aka kawo jiya, kin kwance shi?"

"A'a, Yaya."

"To, bar shi a ɗaure."

Ya shige zaure. A daidai lokacin motar iyayen Nu'uman ta karyo kwanar layinmu, cike da dattawa da manyan riguna.